Kuɗin Mota Kafin Kuɗin Likkafani

Karatu: Markus 5:25-34; II Korintiyawa sura 8.

Kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, dattawan ekklesiya kuwa sun soma shawarar ranar godiyar kaka. Kafin ku raba baikon bana, ku ce wannan na rufin ɗakin sujada ne, wannan na pasto, wannan na makarantar Littafi, muna roƙonku ku saurari maganar wata mace wadda ba ta zo taronku ba, ba kuwa za ta zo ba.

Kun san labarin da Markus ya rubuta. Ubangiji yana kan hanya zuwa gidan Yayirus, babban mutum a majami'a, wanda 'yarsa ke bakin mutuwa. Jama'a sun cika hanya maƙil. A cikinsu akwai wata mace wadda jini ya shekara 12 bai ɗauke mata ba. Markus bai rufe kome ba: ya nuna mana ta yi yawon masu-magani har hannunta ya ƙare, ciwon kuwa sai gaba ya ke yi. Bisa ga shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 15, mace irin wannan ba ta da tsarki, shimfiɗarta da mazauninta duka sun ƙazantu, wanda ya taɓa su kuma sai ya yi wanka. Domin wannan ba ta iya tsayawa gaban Ubangiji ta yi roƙo kamar Yayirus ba. Ta raɓo ta baya, ta miƙa hannu, nufinta ta sami lafiya ta sulale ba wanda ya sani.

Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Ikonsa ya riga ya warkar da ita. Da ya wuce abinsa, da ba mai ganin laifinsa, gama babban mutum yana jiransa. Amma ya tsaya, ya sa aka dakata, har ta fito jikinta na rawa ta faɗi dukan abin da ya same ta. Ya kuwa kira ta ɗiya a gaban wannan taro mai-yawa. Ciwo ya ci jikinta, masu-magani sun ci dukiyarta, kunya ta rufe bakinta. Ubangiji bai ga aikinsa ya cika ba sai da ya buɗe bakin nan.

Bari mu kawo ta kusa da gida. A ce tana zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Dingyaɗi, a ƙaramar hukumar Boɗinga, Jihar Sakkwato. Misali ne mu ke bayarwa, amma ba wanda ya zauna a ƙasarmu da zai ce bai san irinta ba. Shekarunta 40 da 'yan kai. Wata rana tana wanka ta ji ɗan ƙullutu a nononta na hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, bai hana ta daka ba. Ta ce a ranta, abin da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne. Damina ta zo ta wuce, ƙullutu ya kai goro. Ta gaya wa yayarta a asirce, aka kai ta wurin mai-magani, ya ba da na jiƙawa da na shafawa. Ta sayar da akuya. Aka ce akwai wani a ƙauyen gaba wanda ya fi wannan sani. Ta sayar da kwanonin jerenta. Wanzami ya yi tsaga. Sa'an nan wata tsohuwa ta duba ta ce daji ne, daji kuwa ba ya son ƙarfe, ran da allura ko wuƙar likita ta taɓa shi ran nan zai bazu. Aka bar zancen asibiti. Da fata ta fashe ta zama gyambo, wari ya soma fita, sai ta koma ɗakin baya, tana ƙona turare domin kada 'ya'yanta su ji. Ranar da ta kasa tashi, ran nan aka yi shatar mota zuwa Sakkwato. Likita ya duba, ya kira maigidan gefe guda.

Ran jana'iza fa? Gari duka ya zo. Wannan ya kawo kwanon gero, wannan ya kawo kuɗi, ɗan'uwan da ke Legas ya aiko da nasa tun kafin rana ta yi tsaka. Abin da aka tara cikin kwana 3 ya fi kuɗin motar da za ta kai ta Sakkwato tun ƙullutu yana kamar gyaɗa, nesa ba kusa ba. Daga Boɗinga zuwa birnin Sakkwato ba a yin sa'a guda a mota. Daga Shagari ma, ko da shi ke ta fi nisa, mutum ya kan je ya dawo a yini. Ashe ba nisan hanya ya kashe ta ba.

Kada wani mai-karatu ya ce wannan halin waɗanda ba su san Littafi ba ne. Mu ma haka mu ke. Mai-bi ya rasu, kafin a gama shela an tara kuɗin akwati, da na rumfa, da na kujeru, da na abincin baƙi, da na atamfar da mata za su ɗaura iri ɗaya. Amma 'yar'uwar nan da ta daina zuwa Zumuntar Mata wata 4, wadda ta ke yafa mayafi mai-kauri ko ana zafin bazara, wa ya je ya tambaye ta? Nikodimu ya kawo kayan ƙanshi masu-yawa, amma gawa ya tarar. Macen nan ta Baitanya ta zuba nata man tun Ubangiji yana da rai, ita ce kuwa ya yaba wa.

To, mene ne girman wannan abu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a shekara ta 2022 mata wajen miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin nono a duniya, 670,000 kuma suka mutu da shi. A Nijeriya kaɗai, cikin wannan shekara, an ƙiyasta sababbin masu-ciwon sun wuce 32,000, waɗanda suka mutu kuwa sun wuce 16,000. Ba wani daji da ya kai shi kama matan ƙasarmu. Ku auna lissafin nan: duk sa'ad da aka sami mata biyu da ciwon, ana binne ɗaya. A ƙasashe masu-arziki kuwa, cikin mata 10 da aka samu da shi, fiye da 9 suna nan da rai bayan shekara 5. Ciwon ɗaya ne. Babban abin da ya raba mu da su shi ne ranar da mace ta isa gaban likita. Wani bincike da aka tattara a 2016 ya nuna cewa cikin baƙaƙen mata na Afirka kudu da Sahara, 77 cikin 100 ba su isa ba sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4, watau ya riga ya yi girma ko ya bazu.

Domin haka maganar tsohuwar nan, cewa daji ba ya son ƙarfe, muna iya gane inda ta fito. Ta ga mata da dama sun tafi asibiti, aka yi musu aiki, suka mutu. Abin da ba ta gani ba shi ne, sun tafi ne bayan ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. Wuƙar likita ba ta kai shi can ba, can ta tarar da shi. Hakanan ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci kwano ɗaya ko wanke tufafin mara-lafiya, ba kuwa ajiye kuɗi cikin rigar mama ke kawo shi ba. Wajen rabin matan da ya ke kamawa ba su da wani dalili da a ke gani sai dai su mata ne, shekaru kuma sun soma ja. Shayarwa tana rage haɗarinsa, amma ba ta kawar da shi ba. Maza ma ya kan kama su, ko da shi ke bai fi 1 cikin 100 na masu-ciwon ba.

Ga kuma abin ƙarfafa zuciya: yawancin ƙullutun da a ke ji a nono ba daji ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna iya kai 9 cikin 10. Mata da yawa suna kwana da tsoro shekara da shekaru a kan abin da dubawar rana ɗaya za ta kawar. Alamun da ya kamata a kai asibiti ba da jinkiri ba su ne ƙullutu ko tauri a nono, ko da ba ya zafi. Kaluluwa a hammata. Kan nono ya shige ciki alhali da ba haka ya ke ba. Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono. Fata ta lotsa ko ta yi kamar bawon lemo. Ko nono ɗaya ya sake girma ko siffa. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata su karanta wannan sakin layi a taronsu, su maimaita shi sau biyu, domin waɗanda ba su iya karatu ba.

Mu masu-bi na wannan ƙasa bai kamata a koya mana wannan darasi ba, gama ubanninmu sun riga sun koye shi a kan wani ciwo. A 1937 aka yarda wa mishan ta SIM ta riƙe wuraren jiyyar kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato: Yadakunya, da Babbar Ruga, da Amanawa. Amanawa ɗin nan tana kudu da birnin Sakkwato, cikin ƙasar Dange da Shuni, maƙwabciyar Boɗinga. A zamanin nan kuturta ita ce ciwon ɓoyo. Mutum ya kan ga ɗan tabo mai-haske a bayansa ko a cinyarsa, wanda ba ya jin taɓi, ya rufe shi da riga shekara da shekaru domin tsoron kada a raba shi da iyalinsa. Wajen 1950 aka soma ba da ƙwayar dafson, daga 1981 kuma aka koma haɗa magunguna, waɗanda tun 1995 kyauta a ke ba da su a duniya duka. Abin da ma'aikatan wuraren nan suka gani da idonsu shi ne, wanda ya zo da tabo ya kan koma gida da yatsunsa cikakku, wanda ya jira kuwa magani ya kan kashe ciwon amma ba ya mayar da yatsa. Da yawa cikin masu-bi na fari a waɗannan larduna daga wuraren nan suka fito. Jikokinsu suna cikin masu-karanta wannan takarda. In ekklesiya ta san hanyar zuwa wurin kuturu sa'ad da kowa ke gudunsa, ina dalilin da za ta ɓata hanyar zuwa ɗakin baya inda macen nan ke ƙona turare?

Maƙwabtanmu ma sun riga mu. Bulus bai ji kunyar zuga Korintiyawa da labarin Makidoniyawa ba, mu ma ba za mu ji ba. Likita Zainab Shinkafi-Bagudu, Musulma, wadda mijinta ya yi gwamnan Kebbi daga 2015 zuwa 2023, ta kafa gidauniyar Medicaid domin yaƙi da ciwon daji, ana yin tattaki kowace shekara domin tara kuɗi da faɗakar da mutane. A 2024 kuma aka zaɓe ta shugaba mai-jiran gado ta ƙungiyar duniya mai-yaƙi da ciwon daji, wadda mazauninta ke Janeba. A kudu, Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu ta sami ciwon a 1997, aka yi mata aiki a Ibadan, ta tashi ta kafa ƙungiyar BRECAN cikin wannan shekara, ta fito fili ta faɗi abin da ya same ta. Bayan shekara 20 ta zama matar gwamnan Ondo. Wanda ya ce duk macen da aka yi wa aikin nono ta mutu, ga amsarsa. Gwamnatin Tarayya kuma a 2021 ta buɗe asusu domin taimakon matalauta masu-dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, aka fara da manyan asibitoci 6, cikinsu har da na Zariya da na Gombe. A birnin Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mai likitocin fiɗa da sashen gashin daji.

Amma duk waɗannan suna jiran mace ne a bakin ƙofar asibiti. Tsakanin ɗakinta da ƙofar nan akwai rami, a ramin nan ne kuwa mu ke roƙo ku sa kuɗinku.

Waɗansu sun ce mana, in za a tara kuɗi a tara mai-yawa a sayi na'urar mamogiram, wadda ke ɗaukar hoton nono ta nuna ciwo tun hannu bai iya jinsa ba. Na'urar nan tana da amfani ƙwarai, ba mu raina ta ba. Amma tana bukatar wuta wadda ba ta ɗaukewa, da gwanin ɗauka, da gwanin karanta hoton, da mai-gyara. Ta fi kuma yin aiki ga matan da suka kai shekara 50, gama nonon ƙuruciya yana da kauri, hoto ba ya ratsa shi sosai; matanmu kuwa da yawa ciwon yana kama su tun ba su kai 50 ba. Ƙananan ekklesiyai ba za su iya ɗaukar wannan kaya ba. Abin da mu ke gani a ƙauyukanmu ba ciwon da hannu bai iya ji ba ne. Ciwo ne da mai shi ta ji da hannunta tun bara.

Akwai hanyar da ta yi daidai da ƙarfinmu, an kuwa gwada ta. A birnin Mumbai na Indiya an koya wa mata waɗanda ba likitoci ba ne duba nono da hannu, suka riƙa bin unguwannin talakawa kowace shekara 2. An bi sawun mata fiye da 150,000 har shekara 20, aka buga sakamakon a 2021: an riƙa samun ciwon tun bai yi nisa ba, cikin matan da suka kai 50 kuma mutuwa ta ragu da kusan 30 cikin 100. A Jazira ta ƙasar Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa da yawa ke zaune, 'yan mata na ƙauye da aka koya wa aikin suka shiga gida gida suka duba mata fiye da 10,000, aka buga labarin a 2013. Ba wuta, ba na'ura, sai hannu mai-horo da mace wadda 'yar'uwarta mace ba za ta ji kunyar buɗe mata zane ba.

Ƙasar Sakkwato ta san wannan hanya tun kafin Indiya ta gwada ta. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa mata jajis suna zuwa ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata, a ke kiransu 'yan taru. Ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen Dingyaɗi mace ta shiga gida ta koya wa mace.

Domin haka ga shawararmu a kan baikon. Kashi na fari ya tafi wajen koya wa ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata, waɗanda ke aiki a ƙananan asibitocin ƙauye, yadda a ke duba nono da hannu. A nemi likita ko nas mai-sani ya koyar, a biya abinci da hanyar masu-koyo. Cikin ekklesiyoyin birni muna da nas-nas da malaman asibiti da dama, waɗanda za su iya ba da Asabar ɗaya a wata. Kashi na biyu, wanda ya fi, kuɗin mota ne: na mara-lafiya da na mai-rakiyarta, zuwa da dawowa, ba sau ɗaya ba. Wanda bai taɓa jiyya ba ya kan zaci tafiya ɗaya ce. A'a. Yau a yanki kati a ga likita, wani mako a yi sikanin, sa'an nan a ɗebi ɗan tsoka da allura a kai ɗakin bincike, gama ba a tabbatar da daji sai an duba tsokar nan, sa'an nan a komo karɓar sakamako. A tafiya ta biyu ko ta uku ne mata da yawa ke ɓacewa, ba domin taurin kai ba, domin akuyar ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shirin da ta kafa a 2021, ta sa ma'auni cewa daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta kada ya wuce kwana 60. Ku rubuta wannan lamba a bangon akwatin baikon.

A nan sai mu yi muku gargaɗi. Kada wata ekklesiya ta kashe dukan abin da ta tara a bikin rana ɗaya, da riguna masu-rubutu da lasifika da hotuna, a duba mata 200 a watse. In kun ce wa mace akwai abu a nononta, sa'an nan kuka bar ta ba kuɗin gwaji, kun ƙara mata tsoro ne kawai, gara da ba ku zo ba. Basamariyen nan bai tsaya ga ɗaure rauni ba. Ya kai mutumin masauki, ya biya dinari 2, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Ku duba mata 20 waɗanda za ku iya raka su har ƙarshen gwaji, ya fi 200 da za ku bari a hanya. Wadda aka tabbatar tana da ciwon, aikin fiɗa da allurar kemo da gashi sun fi ƙarfin akwatinku, labudda; amma wani cikinku mai-ilimi zai iya zama da iyalinta, ya rubuta takardun neman taimako daga asusun gwamnati da gidauniyoyi, ya bi sawunsu.

Mun san wani dattijo zai ce, ashe addu'a ba ta isa ba? Macen da ke cikin Markus ai ba likita ya warkar da ita ba. Gaskiya ne. Amma ku tuna da sarki Hezekiya. Ya yi kuka ga Allah, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Wanda ya amsa addu'ar shi ne ya halicci ɓauren. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa bai ce ya bar sana'arsa ba. Muna jin baƙin ciki mu faɗi cewa akwai masu-wa'azi da ke hana mata zuwa asibiti, suna sayar musu da mai da ruwa, in mace ta mutu su ce bangaskiyarta ce ta gaza. Waɗannan ba su da bambanci da masu-maganin da suka cinye dukiyar macen nan. Ku yi addu'a, ku ɗora hannu, sa'an nan ku raka ta tasha.

Wani kuma zai ce, mutanen Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari kusan dukansu Musulmi ne, mu kuwa 'yan kaɗan ne a jihar, yawancinmu ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai a birni. Namu ma ba mu gama da su ba. Bulus ya gaya wa Galatiyawa su fara da 'yan'uwa masu-bi, amma bai ce su tsaya nan ba. Wa ke sayar mana da albasa da gero? Matan wa ke kawo mana fura da ƙuli-ƙuli? Sa'ad da matarka ta haihu, wa ya shigo barka? Sai dai a shiga da ladabi. Ƙasar nan ta malamai ce. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. A fara gaida hakimi da masu-gari da limamai, a sanar da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma, a yi aikin a asibitin gari, a hannun ma'aikatansa. Kada kuma a rataya wa taimakon nan wani sharaɗi. Macen da aka biya wa kuɗin mota ba ta ci bashin sauraron wa'azi ba. In muka mai da ciwonta ƙugiya, za a gane, za a rufe ƙofa, matan da ke baya kuma su ne za su biya.

Game da riƙon kuɗin, Bulus ya bar mana gurbi. Ya ce wa Korintiyawa kowa ya riƙa ware nasa a ranar fari ta mako gwargwadon samunsa, domin kada a yi ta kiciniya ran da ya iso. Bai kuma yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ko da shi ke manzo ne. Ya haɗa Titus da 'yan'uwa waɗanda ekklesiyai suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. In Bulus bai amince wa hannu ɗaya ba, kada pasto ya ji haushi in aka ce akwatin nan ba zai kwana a gidansa ba. A zaɓi mata 2 daga Zumuntar Mata da dattijo 1. A sayi littafi. Kowace tafiya a rubuta, kowane rasit a manne. Kowane wata a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Sunan mara-lafiya kaɗai ne ba za a karanta ba, ko cikin roƙon addu'a, sai in ita ce ta so. Ubangiji ya kira macen nan fili bayan ta warke, domin ya mayar mata da darajarta. Mu kuwa in mun fallasa mace tun tana cikin tsoro, ta gaba ba za ta zo ba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi. Gida 40, kowane ya kawo kwano guda, buhu ya cika. Mai-mota ya ba da kujera 2 a mako. Mai-ɗaki a birni kusa da asibiti ya shimfiɗa tabarma.

Saura maganarmu da ku, mazaje. Mata da yawa ba mutuwa su ke tsoro ba kamar ranar da maigida zai ga an cire nono ya juya baya. Waɗansu likita ya ce a yi aiki, miji ya ƙi sa hannu, ya ce ba zai zauna da rabin mace ba. Wanda ya tsaya gaban ekklesiya ya yi alkawarin zama da ita cikin lafiya da cikin ciwo, ga ranar biyan alkawarin ta zo. In an zo da wuri, wani lokaci ƙullutun kaɗai a kan cire a bar nonon. In kuwa sai an cire duka, uwar 'ya'yanka ce za ta komo gida. Kada ka jira ta gaya maka, gama ta yiwu ta shekara tana neman bakin da za ta fara. Yau da dare, bayan yara sun kwanta, ka karanta mata alamun nan da muka rubuta a sama, ka ce mata in ta taɓa jin wani abu, kuɗin motar yana wuyanka.

Ekklesiyar da ta buɗe wannan akwati ran godiyar kaka, muna roƙon magatakardanta ya rubuto mana kafin Kirsimati: gida nawa suka bayar, mata nawa aka koya wa dubawa, mata nawa aka raka asibiti, nawa ne kuma cikinsu suka sami sakamako kafin kwana 60. Kada a aiko da suna ko hoton kowace mara-lafiya. Za mu buga abin da ya iso hannunmu cikin fitowar watan Fabrairu, in Ubangiji ya yarda.